Masaƙun Kaduna da Mas'alar Jiran Gwamnati

Daga cikin mas'alolin da masana tattalin arziki suka daɗe suna jayayya a kansu, akwai mas'alar ko ya dace hukuma ta ɗebi dukiyar baitulmali, wadda haƙƙin jama'a ce baki ɗaya, ta tallafi masana'antar da ta durƙushe. Kuma ko da yake an yi wannan muhawara a ƙasashe masu nisa game da bankuna da kamfanonin motoci, mu a ƙasar Hausa ba mu da buƙatar aron misali, domin masaƙun Kaduna da Kano sun ishe mu hujja.

Ya kamata mai nazari ya fara tuna cewa waɗannan masaƙu a cinyar gwamnati aka haife su. A shekarar 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da kamfanin David Whitehead na Ingila. Sa'an nan Nortex ta biyo baya, da Arewa Textiles wadda Japanawa ke da hannu a cikinta, da UNTL wadda attajiran Hong Kong suka kafa a 1964. Gwamnati ce ta zuba jari, hukumarta ce ke sayen auduga daga manoman Funtuwa da Gusau da Zariya, cibiyar bincikenta ta Samaru ce ke fitar da iri, kuma ita ce ta tsare kasuwa da haraji da takunkumi don kada yadin waje ya shigo. A wannan inuwa masaƙu suka bunƙasa, har ya zamana a farkon shekarun 1980 babu wata masana'anta a Nijeriya da ta kai su ɗaukar ma'aikata.

Da inuwar ta gushe sai abubuwa suka taru musu. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da rini suka yi tsada. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya rasa mai ba shi tsabtataccen iri da tabbataccen farashi. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, kuma ko da aka mayar da shi daga baya, atamfar Sin ta riga ta san hanyarta ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007.

To, mene ne maganin da hukuma ta kawo? Gwamnatin Obasanjo ta yi alkawarin asusun naira biliyan 70, wanda masu masaƙa suka daɗe suna jin labarinsa ba su gan shi ba; bayanta aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, aka fara rabawa a 2010 a matsayin bashi mai sauƙin ruwa. Adalci ne a faɗi cewa kuɗin ya yi wani amfani, domin UNTL ta sake buɗe ƙofarta a Kaduna, wasu masaƙu kuma suka biya tsofaffin basussuka suka sabunta injuna. Sai dai malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana rataye ne da illarsa, kuma duk wanda ya kuskure illa, to, fatawarsa ba za ta sauka a muhallinta ba. An ɗauka ƙarancin jari ne illar, alhali kuwa masaƙar da ke ƙona man janareta dare da rana, tana saƙa audugar da irinta ya gauraya, tana kuma gasa da hajar da ta shigo ba a biya mata kwastan ba, ko an cika mata aljihu da bashi, ranar rufewarta kawai aka jinkirta. Abubuwan nan uku, wato wuta da iyaka da iri, babu mai iya gyara su sai gwamnati, kuma su ne ta bari, ta kama abin da kowane banki zai iya yi.

Nan ne nake saɓa wa masu cewa dogaro ga gwamnati lalaci ne da ya shiga jinin mutanenmu. Ɗabi'a ce da aka koya musu, kuma malamin shi ne hukumar da ke kuka da ita. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Kebbi cikin 2015, da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su biya ba, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa; kuma ko da yake shari'a ba ta san bashin da ya zama kyauta don mai bayarwa gwamnati ce ba, mutumin da ya sha ganin an yafe wa manya abin da ya fi nasa nesa ba kusa ba, da wuya wa'azin amana ya ratsa shi. Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin mai jiran sadaka da mai jiran haƙƙinsa. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles, waɗanda suka shafe shekaru suna bin jihohin Arewa 19 masu mallakar masaƙar kuɗin sallamarsu, har da yawansu suka riga mu gidan gaskiya, ladan guminsu suke nema.

Haka nan ban yarda da masu cewa hukuma ta janye hannunta ɗungurungum ta bar kasuwa ta yi halinta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Kuma a ƙarƙashin irin wannan fahimta ne matafiyi Barth ya tarar da Kano a 1851 tana aika tufafin da ta saƙa ta rina har Tambutu da Tarabulus. Abin da masaƙi da marini suka samu a wancan zamani shi ne hanya mai aminci da ƙa'idar da za su iya yin lissafi a kanta, kuma wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ƙaranci a yau: a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala ta hannun hukuma da sunan kare masaƙu, a 2023 kuma aka ɗage hanin, alhali injin saƙar da attajiri zai saya yana buƙatar shekaru masu yawa kafin ya mayar masa da kuɗinsa.