Ƙafar Keke Ita Ce Giyarsa: Tarihin Injin Lantarki a Cibiyar Taya

Duk wanda ya leƙa wurin masu sayar da kekuna 'yan gwanjo a Tamale ko Kumasi zai ga iri biyu jere da juna: manyan kekuna irin na iyayenmu, da kuma ƙanana masu ƙafa inci 20 ko 16, waɗansu ma ana naɗe su kamar tabarma. Tsadar mai ta sa matasa sun fara tunanin ɗaura wa waɗannan ƙanana injin lantarki, irin wanda ke zaune a cibiyar taya. Sai dai wanda ya sayi injin bai tambayi girman ƙafar da aka ƙera shi dominta ba, yana iya zuba kuɗinsa ya tashi da keken da yaro mai feda zai tsere masa. Dalilin haka tsoho ne, ya haura shekara 150.

A shekarun 1870, keken da ake yayi a Ingila ba shi da sarƙa. Fedarsa a manne take da cibiyar ƙafar gaba, don haka juyin feda ɗaya shi ne juyin taya ɗaya. Mai son gudu ba shi da wata dabara illa ya ƙara girman ƙafa. Da haka ƙafar gaba ta yi ta girma har ta kai inci 60, wato mita ɗaya da rabi, mahayi yana can bisa kamar wanda ya hau raƙumi, in ya ci karo da dutse kuwa da ka yake sauka. James Starley na garin Kobantiri yana cikin manyan maƙeran wannan keke.

Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, shi ya kawo mafita a 1885 da kekensa mai suna Rover. Ya haɗa feda da ƙafar baya ta hanyar sarƙa da haƙoran ƙarfe biyu, babba a gaba, ƙarami a baya. Daga ranar, gudu ya daina dogara da girman ƙafa, domin juyin feda ɗaya yana iya juya taya sau biyu ko uku. Jikokin wannan keke su ne Raleigh da Phoenix masu ƙafa inci 28, waɗanda suka yi wa fatake da malamai da masu kai amarya hidima a Afirka ta Yamma.

Shekara goma kacal bayan Rover, ranar 31 ga Disamba 1895, wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton Jr. ya karɓi takardar shaidar ƙirƙira kan keken da ke da injin lantarki a cikin cibiyar ƙafar baya. Injin ba shi da giya, kuma yana iya zuƙar amfiya 100 daga batir mai bolt 10. A 1900 Ferdinand Porsche ya nuna mota mai irin wannan inji a ƙafafun gaba a baje kolin duniya na Faris. Abin lura a nan shi ne, wannan ƙira ta komo da tsohuwar dokar da sarƙa ta soke: inji ya zauna inda feda ta taɓa zama, juyinsa shi ne juyin taya, girman ƙafa ya sake zama giya. Amma batir na zamanin na darma ne mai nauyin gaske, ga man fetur ya yi arha, sai dabarar ta kwanta shekaru masu yawa.

Ita kuwa ƙaramar ƙafa tarihinta daban ne. Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin mai a Ingila har aka koma rabon fetur da ƙa'ida. Wannan ya sa injiniya Alex Moulton ya sake duban keke, ya fito a 1962 da nasa mai ƙananan ƙafafu da roba mai shanye gargada. Ya samu karɓuwa sosai, har Raleigh ta mayar da martani da RSW 16 a 1965, sannan Raleigh Twenty a 1968. A 1975 Andrew Ritchie ya zana Brompton a Landan, keke mai ƙafa inci 16 da ake naɗewa a shiga jirgin ƙasa da shi. Dukkansu sarƙa ce ta rufa musu asiri: an ƙara girman haƙoran gaba, ƙaramar ƙafa ta yi gudun babba.

Abu biyu suka tashi injin Bolton daga barci. Na farko maganaɗisun niyodimiyam mai ƙarfi, wanda kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka samar a farkon shekarun 1980, ya sa inji ya ƙanƙance har ya shige cibiyar taya ba tare da ya rasa ƙarfi ba. Na biyu batirin litiyam da Sony ta fara sayarwa a 1991. Ƙasar Sin ce ta mayar da abin na talakawa: a 1999 ta kafa ƙa'idar keken lantarki mai iyakar gudun kilomita 20 a awa, masana'antunta kuma suka shiga ƙera injinan cibiya da yawan da ya karya farashi. A Tarayyar Turai ƙa'idar ita ce wat 250 da kilomita 25 a awa.

A nan tarihin biyu suka haɗu, lissafi kuma ya fito fili. Ƙafa mai inci 26 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, don haka injin da ke juyi 200 a minti zai kai ta kusan kilomita 25 a awa. A ɗaura wannan injin a ƙafa mai inci 20, gudun ya sauko kusan kilomita 19. A inci 16 kuwa da ƙyar ya wuce 15. Sarƙa ba ta da ta cewa, domin ƙarfin injin ba ta kanta yake bi ba. Shi ya sa maƙera ke naɗa wa injin ƙananan ƙafafu waya ta daban, don ya yi juyi kusan 260 zuwa sama da 300 a minti.

Abin da aka rasa a gudu ana samunsa a ƙarfi. Ƙaramar ƙafa tana tura keke da ƙarfin da ya ɗara na babba da kusan kashi 30 cikin 100, kuma da yake injin yana juyi da sauri a kan hawa, ba ya saurin zafi. Ga mai dakon ruwa ko buhun hatsi, wannan ciniki ne mai riba. Ga mai ratsa yashi da ramuka kuwa, ƙaramar ƙafa ta fi saurin nutsewa da jin gargada.

Akwai kuma maganar wurin zama. Faɗin bakin fok na gaba a yawancin kekuna milimita 100 ne, amma na kekunan naɗi da yawa milimita 74 ne, injin kasuwa ba ya shiga, buɗa shi da ƙarfi kuma raunana ƙarfe ne. Ita kanta Brompton sai a 2017 ta gabatar da nata na lantarki, bayan ta haɗa kai da injiniyoyin Williams masu motocin tsere aka ƙera inji daidai da fok ɗinta. Wayoyin da ke riƙe wili suna gajarta ƙwarai, sai gwanin mai gyara ya iya ɗaurinsu. Sandar injin tana murɗa bakin fok a duk tashi, don haka ana ƙara mata ƙarfen tokara, musamman a fok na alminiyam. Hatta sunan inci yana ruɗi: inci 20 iri biyu ne, wili mai milimita 406 da mai 451, inci 16 kuma akwai 305 da 349.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dokar da ta sa mutanen 1870 hawa ƙafa mai tsayin ƙirjin mutum ita ce ke jiran matashin da zai yi odar inji a wayarsa yau. Kafin ya tura kuɗi, ya karanta lambar da ke jikin tayarsa, ya auna bakin fok, ya tambayi mai sayarwa juyi nawa injin ke yi a minti.