Adireshin Shafin da Ba Ya Nan

A 1962 kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester da ke Ingila ta zo da wata dabara: idan ƙwaƙwalwarta ta cika, sai ta kwashe wasu shafuka ta jibge su a wata ma'ajiya mai saiɓi, ta dawo da su in an nema. To, ina za a rubuta inda aka kai kowane shafi?

Furosesar 80386 da Intel ya fitar a 1985 ta bar wata kafa. Kowane shafi yana da gurbi mai bit 32 a teburin shafuka, kuma bit na farko ke nuna ko shafin yana nan. In sifili ne, Intel ya ce ba ruwan furosesa da sauran 31 ɗin.

Masu rubuta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba su bar filin ya zauna banza ba. A Linux 0.12 na Janairun 1992, Linus Torvalds ya cusa lambar wurin da shafin yake a faifai, ya gusa ta da bit ɗaya don na farkon ya zauna sifili. Tsimi ne na gwani. Daga baya aka raba gurbin biyu: wace ma'ajiya, da kuma wane wuri a cikinta.

Alƙawarin Intel ya karye a Agustan 2018, da aka bayyana ɓarakar L1TF. Ashe garin gaggawa furosesoshinsa na ɗaukar wannan lamba tamkar adireshi na gaske, har sirrin wata manhaja na iya fita. Dole Linux ya koma juya bit ɗin lambar, sifili ya zama ɗaya, don adireshin ya nuna inda babu ƙwaƙwalwa.