Dokar Hyde da Taƙaddamar Kuɗin Zubar da Ciki a Amurka

A ranar 22 ga Janairun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, inda ta ce tsarin mulkin ƙasar ya ba mace damar zubar da ciki matuƙar ɗan tayin bai kai munzalin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa ba. Masu adawa da hukuncin, waɗanda limaman cocin Katolika ke sahun gabansu a lokacin, sun fara da neman a yi wa tsarin mulki gyara, amma da yake wannan yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da kuma amincewar kashi uku cikin huɗu na jihohi, sai suka karkata akalarsu zuwa baitulmali. Abin da suka sa a gaba shi ne Medicaid, wato shirin da aka kafa a 1965 domin biya wa talakawa kuɗin jinya, wanda a wancan zamani yake ɗaukar nauyin zubar da ciki kusan 300,000 a shekara.

A 1976 Henry Hyde, ɗan Majalisar Wakilai na jam'iyyar Rifablikan daga jihar Ilinoi, ya gabatar da wani sharaɗi da ya hana a taɓa kuɗin tarayya domin wannan aiki. Ba doka ce mai zaman kanta ba, sakin layi ne da ake liƙawa a kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya, don haka sai an sabunta shi kowace shekara, kuma an yi ta sabuntawar ko wace jam'iyya ce ke da rinjaye. Hujjar magoya bayansa ita ce, bai kamata a tilasta wa mai biyan haraji ya zuba kuɗinsa a abin da ya ɗauka kisan kai ne ba, hujjar da ta samu shiga har a zukatan 'yan Dimokurat irin su Jimmy Carter da Joe Biden, wanda bai sauya ra'ayi ba sai a 2019.

Da maganar ta koma kotu a shari'ar Harris da McRae a 1980, alƙalai biyar cikin tara suka ce gwamnati ba ta da hurumin tare wa mace hanya, amma kuma ba dole ba ne ta kawar mata da cikas ɗin da ba ita ta girka ba, kuma talauci yana cikin irin wannan cikas. Mai shari'a Thurgood Marshall, wanda ya saɓa wa rinjayen, ya nuna cewa a wurin matalauciya hana kuɗin daidai yake da hana damar baki ɗaya. A nan ne ainihin rikicin yake, domin hukuncin bai shafi mai hali ba ko kaɗan, matar da ke ƙirga kuɗin haya da na cefane ce ya faɗa wa. Daga 1981 ba a biya sai idan ran uwa yana cikin haɗari, sai a 1993 aka ƙara cikin fyaɗe da wanda aka samu tsakanin muharramai, wasu jihohi kuma, irin su Kalifoniya da Niyok, suka ci gaba da biya daga asusunsu.

Taƙaddamar ta tsallaka teku tun 1973, lokacin da dokar Helms ta hana amfani da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje wajen zubar da ciki. A 1984 gwamnatin Ronald Reagan ta ƙara da manufar birnin Meziko, wadda ta hana tallafi ga duk ƙungiyar waje da ke yin aikin ko ba da shawarar yin sa, ko da kuwa da kuɗinta ne. Shugabannin Dimokurat suna soke ta, na Rifablikan suna dawo da ita, asibitocin tazarar haihuwa a Afirka kuwa su ne ke ji a jikinsu.

A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin Roe ta mayar da batun hannun jihohi, amma sharaɗin Hyde yana nan a kasafin kuɗi yadda yake.