Daga Peugeot Zuwa Hilux: Yadda Injin A-kori-kura Ke Tsufa A Karkarar Kano

A garejojin arewacin Kano, daga Bacirawa zuwa Bichi da Dambatta, mai sayen tsohuwar a-kori-kura ba ya tambayar kilomita nawa ta ci. A yawancinsu agogon ƙirgen ya daɗe da mutuwa, ba kuma wanda ya damu ya gyara. Tambayoyinsa uku ne: sau nawa aka sauke injin, wane bakanike ne ya ɗaure shi, kuma yana shan baƙin mai? Daga nan sai ya ce, "Maigida, a tayar mana mu ji." Ya kasa kunne, ya leƙa salansa ya ga kalar hayaƙin, sannan a shiga ciniki.

Aikin da motar ke yi a nan gadonsa ta yi daga jaki. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano cike take da jama'a, gona ba ta hutawa, kowace damina sai an noma ta, don haka ba ta rabuwa da taki. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace, su komo da taki da sharar gari a mangala. Da a-kori-kura ta zo, ita ta karɓi wannan zirga-zirga: taki da rani, buhunan gero da dawa da gyaɗa da kaka zuwa Dawanau, awaki da 'yan kasuwa ranar da kasuwa ke ci.

Wadda ta fara kafa suna ita ce Peugeot 404, da aka fito da ita a Faransa a 1960. Ƙirarta ta fasinja ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, kan hanyoyin da ba su fi na karkararmu kyau ba. A 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun mutane. Har a jirgin sama ake ɗauko sassan daga Lyon, a sauke a filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Bayan 404 sai 504, wadda Kaduna ta ci gaba da haɗawa har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita.

Tsofaffin kanikawa sun san abin da ya sa injinta ya ƙi mutuwa. Silinda huɗu ne, lita 1.6 a 404, gangar jikinsa ta zubin ƙarfe ce, sarƙa ke juya tayimin ɗinsa, kafireta ke ba shi mai. Babban sirrin kuwa yana cikin silif. Ramukan da fistin ke kai-kawo a ciki ba a jikin injin aka huda su ba, bututu ne daban da ake zurawa a kuma zare. In sun cinye, sai a cire su a sa sababbi tare da fistin da ringi, a kai karanshaf wajen masu gogewa su rage shi kaɗan, a sa masa metal mai kaurin da ya dace. Injin da ake wa kallon gawa sai ya tashi da ƙarfinsa. Duk wannan ana yin sa a gindin dalbejiya, da sifana da kwanon fetur na wanke sassa, yaran gareji na miƙa wa maigidansu kaya suna koyo.

Shekarar 1986 ta mayar da wannan gwaninta dole. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi da ɗan kasuwar ƙauye. Wanda ke da tsohuwa sai ya rungume ta. A shekarun da suka biyo baya motocin Kwatano suka kwararo, tare da injuna da sassan da aka kwance daga motocin Turai, waɗanda ake kira na Beljiyam. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama asibitin a-kori-kura. Direba kan baro ƙauye da sassafe da mataccen fanfon mai a leda, kafin la'asar ya koma da wani. Da yawa sun fi yarda da tsohon ɗan Beljiyam a kan sabo mai araha da ba a san asalinsa ba.

Su ma motocin Japan sun shigo, Datsun da Toyota. Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta zo da wata hanyar daɗewa dabam: ita ba a saba buɗe ta da wuri ba. Injin 22R mai lita 2.4, da Toyota ta yi daga 1981 zuwa ƙarshen shekarun 1990, da na gas irin su 3L da 5L, ba su da ƙarfin a-zo-a-gani idan aka auna da girmansu, kuma wannan ne ya cece su, domin ba a matse su su yi abin da ya fi ƙarfinsu ba. Sunan Hilux ya ƙara tashi a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a cikin motocin Toyota, har yaƙin ya ɗauki sunan kamfanin. Ita ce kuma motar direbobin Agadas masu ratsa hamada. Amma a karkarar Kano, Hilux kan fara rayuwa ne a hannun gwamnati ko 'yan sanda ko ƙungiyoyin agaji, sai ta kai gwanjo kafin ta ga buhun taki.

Ko wace iri ce, abubuwan da ke kashe inji a nan sanannu ne, kuma nisan tafiya ba ya cikin na gaba. Na farko ƙura. Da hunturu, matatar iska da ta toshe ko ta yage tana barin yashi ya shiga yana cin ringi a hankali, sai a ga shuɗin hayaƙi. Na biyu zafi. A watan Afrilu, da lodi ya ninka abin da kamfani ya ƙayyade, ga lagireto da ruwan rijiya ya cika da tsatsa, tof silinda na alminiyam kan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Na uku baƙin man kansa: na awo da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ko mai kyau da aka bari ya wuce lokacin juyewa. Shi ne ke kai inji ga bugawa. Shi ya sa direban da motarsa ta daɗe ake ganinsa kowace safiya ya ɗaga bonet, ya zaro ma'aunin mai, ya duba ruwa, kafin ya sa makulli.

Yanzu sana'ar na sake juyawa. Sababbin injuna kwamfuta ke sarrafa su, ba a gane ciwonsu da kunne kaɗai sai an jona na'ura, kuma na gas ɗinsu ba sa yafe gurɓataccen mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kafiretar tsohuwar 504 ta zama abin lissafi, ƙananan Hijet masu injin da bai kai lita ɗaya ba da babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya suka ƙwace gajerun hanyoyi. A Kaduna, kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa sabuwar a-kori-kura mai suna Landtrek, sai dai kuɗinta ya yi wa mai jigilar taki nisa. Yaran da ke shiga gareji yau suna koyon karanta na'urar gano matsala a wayar hannu, amma iyayen gidansu ba su daina tura su Ƙofar Ruwa neman silif da ringin 504 ba.