Filin wasan Coventry: Shekara 20 ƙungiya na zaman haya a gidan da aka gina dominta

Masu bin ƙwallon Ingila sun san Coventry City, amma ba kowa ya san irin wahalar da ta sha a kan filin wasanta ba. An buɗe filin ne a 2005 da sunan Ricoh Arena, yana ɗaukar mutum sama da 32,000. Yanzu ana kiransa Coventry Building Society Arena.

Asalin rikicin

Ƙungiyar ta sayar da tsohon filinta, Highfield Road, da niyyar mallakar sabo, sai kuɗi suka yanke mata. Kamfanin da ke tafiyar da filin, ACL, ya zama mallakar ƙaramar hukumar birnin Coventry da gidauniyar Alan Edward Higgs, kowa rabi. Ita kuwa ƙungiya ta koma 'yar haya, tana biyan kusan fam miliyan 1.3 a shekara, kuma kuɗin abinci da abin sha da ake sayarwa ranar wasa ba aljihunta suke shiga ba.

A 2007 kamfanin zuba jari na Sisu ya sayi ƙungiyar. A 2012 ya daina biyan haya, yana cewa kuɗin ya yi yawa. A farkon 2013 ƙaramar hukumar ta ba ACL rancen fam miliyan 14.4 don ya biya bashin banki. Sisu ya kai ƙara kotu a kan wannan rance, aka yi ta shari'a, bai yi nasara ba.

Hijira sau biyu

A kakar 2013/14 Coventry ta koma buga wasanninta na gida a Northampton, tafiyar mil 30 da ɗoriya. Magoya baya da yawa suka ƙaurace, wasu ma kan tudun da ke gefen filin suke tsayawa su yi kallo don nuna fushi. Ta dawo a Satumbar 2014, amma kafin shekarar ta ƙare an sayar da ACL ga ƙungiyar wasan rugby ta Wasps. Ka ga ke nan, baƙo ya zama mai gida.

A 2019 aka sake ɓatawa, Coventry ta koma filin St Andrew's a Birmingham har zuwa 2021. A can ta ci kofin League One a 2020.

Faɗuwar Wasps

A 2015 Wasps ta ci bashin fam miliyan 35 daga masu zuba jari, za ta biya a 2022, ta kasa. A Oktoban 2022 ta durƙushe, 'yan wasa da ma'aikata 167 suka rasa aiki. Wata guda bayan haka kamfanin Frasers Group na Mike Ashley, tsohon mai Newcastle, ya sayi filin a kan fam miliyan 17. Har takardar tashi ya ba Coventry kafin daga baya a sasanta.

Inda aka kwana

Doug King ya sayi ƙungiyar a farkon 2023, aka rabu da Sisu. A Agustan 2025 Coventry ta sayi filin daga hannun Frasers Group, karo na farko da ya zama nata tun da aka gina shi. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma magoya bayan Coventry sun ga haka da idonsu.