Bakolori: Kuɗin Gini da Kuɗin Bayan Gini

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun, kamar yadda na tashi, ya san sunan Bakolori tun kafin ya san karatu. Tarihin wannan madatsa nake so mu duba, domin Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

A 1969 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a yi madatsa matsakaiciya a kan Kogin Sakkwato, a bi aikin sannu a hankali. To, sai ga kuɗin man fetur sun shigo, aka ga ƙaramin aiki bai dace da arzikin ƙasa ba. Aka ba kamfanin Impresit na Italiya kwangila, aka fara gini a 1974, aka gama a 1978. Tafkin yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da nufin a shayar da kadada 23,000.

Wannan shi ne lissafin da aka rubuta a takarda. Sauran lissafin kuwa talaka ya biya. Ruwa ya cinye gidaje da gonakin mutanen Maradun, aka mayar da su kan tudu mai tsakuwa. Manoman da aka baje wa gonaki don haƙa magudanai suka yi damina ba shuka, diyya kuma ta ƙi fitowa. Da haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Ƙasa ma ta biya nata. Ambaliyar da ke jiƙa fadamu kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya a ƙauyukan da ke gangare. Injunan feshin ruwa da aka shigo da su daga waje suka lalace don rashin kuɗin gyara, har sai da aka nemi bashin Bankin Duniya a 2014 domin a farfaɗo da aikin.

Ba ina cewa madatsar ba ta da amfani ba. Na ci shinkafar rani ta Bakolori, na kuma gode Allah. Amma idan gobe aka ɗora ɗayanmu a kan kujerar sa hannu, ya tambayi wanda zai gyara ginin bayan shekara ashirin, da wanda gonarsa za ta nutse, kafin ya ɗauki alƙalami. Allah ya jiƙan mutanen Birnin Tudu, amin.