Sarƙar Poleni da Ƙubbar Birnin Rum: Wani Babi Daga Tarihin Ilmin Daidaiton Nauyi

A cikin shekarar 1742 hankalin mahukuntan birnin Rum, a ƙasar Italiya, ya tashi ƙwarai saboda halin da babbar ƙubbar Majami'ar Bitrus ta shiga. Ƙubbar nan Mikelanjelo ne ya tsara ta, amma ya rasu a 1564 bai ga an rufe ta ba. Giacomo della Porta da Domenico Fontana su ne suka ɗora ta tsakanin 1588 da 1590. Faɗinta daga ciki ya kai wajen mita 42, ƙololuwar ginin kuwa ta haura mita 130 daga ƙasa. To, bayan shekara ɗari da hamsin sai ga shi ta tsattsage tun daga gindi, har jama'a suna raɗe-raɗin cewa ta kusa ruftowa. Paparoma na lokacin, Benedict na Goma Sha Huɗu, ya yi abin da ba a saba yi ba. Bai tsaya ga shawarar magina kaɗai ba, sai ya kira malaman lissafi ya ce su gaya masa ko ginin zai tsaya ko kuwa zai faɗi.

Ilmin da ke amsa irin wannan tambaya shi ne ilmin daidaiton nauyi, wanda ɗaliban aikin injiniya suka sani da sunan sitatiks. Ƙa'idojinsa kaɗan ne, ba su kuwa da wuyar haddacewa. Amma labarin ƙubbar nan ya nuna cewa wuyar aikin tana wajen ƙidaya, watau a tabbata an sa kowane nauyi da kowane ƙarfi cikin lissafi, ba a manta da ko ɗaya ba.

ASALIN ILMIN

Wanda ya fara shimfiɗa wannan ilmi bisa hujja shi ne Arkimidis, mutumin tsibirin Sisili, wanda aka kashe a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya tabbatar da dokar sikeli: abu biyu da aka rataya a sanda ɗaya za su daidaita in nauyin kowanne, da aka ninka shi da nisansa daga maratayin sandar, ya ba da adadi ɗaya. Alal misali, buhu mai kilo 60 da ke nisan mita ɗaya daga maratayi, dutse mai kilo 20 ya isa ya tsai da shi muddin an ajiye dutsen a nisan mita 3 ta ɗaya ɓangaren, domin 60 sau 1 daidai ya ke da 20 sau 3.

Malaman ƙasashen Musulmi suka karɓi wannan ilmi suka raya shi. A Bagadaza, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a shekara ta 901, ya wallafa littafi a kan sikelin da hannuwansa biyu ba su yi tsawo ɗaya ba, aka kuwa fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12. A birnin Marwa kuma, wajen 1121, Al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma, inda ya bayyana sikelin da ke iya rarrabe zinariya tsantsa da wadda aka yi wa gauraye. Sa'an nan a 1586 Simon Stevin, a ƙasar Holan, ya nuna yadda nauyi ke rabuwa in abu yana bisa gangare, wani kashi yana danna gangaren, wani kashi yana jan abin zuwa ƙasa. Daga nan aka gane cewa ƙarfi yana da girma, yana kuma da inda ya fuskanta.

Duk wannan taƙaituwa ya yi cikin sharaɗi biyu. Na farko, in abu zai tsaya cik, tilas ƙarfin da ke tura shi sama ya kashe wanda ke jan sa ƙasa, na gabas kuma ya kashe na yamma, kada a bar saura. Na biyu, tilas ƙarfin da ke neman juya shi ta dama ya yi daidai da wanda ke neman juya shi ta hagu. Gada, da soro, da hasumiya, da tsanin da aka jingina a bango, duk ƙarƙashin hukuncin sharuɗɗan nan biyu su ke.

ABIN DA KE TSAGA ƘUBBA

Dutse da tubali suna da hali ɗaya: suna jure danni, amma ba su jure ja. Saboda haka magini ya kan jera su cikin siffar baka, yadda kowane dutse zai danna na kusa da shi har nauyin ya sauka ƙasa. Sai dai baka ba ya danna ƙasa kawai, yana kuma tura ƙafafunsa waje. Wanda ya taɓa kifa ƙwarya ya danna ta daga sama ya san yadda ta kan dare daga baki, tsagar ta bi ta yi sama. Haka ƙubba ta ke yi. Gindinta yana neman buɗewa, dutse kuwa ba ya iya riƙe wannan ja, sai ya tsage. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan hali a jikin ƙasar gini, shi ya sa su ke binne azara cikin bakan gizo domin ta ɗauki jan da ƙasa ba ta iyawa, kamar yadda a ke gani a aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya. Della Porta shi kuma ɗamarun ƙarfe ya ɗaura wa ƙubbarsa tun lokacin gini. Tambayar 1742 ita ce ko ɗamarun nan sun isa.

Akwai kuma wata dabara da aka riga aka samu a Ingila. A 1675 Robert Hooke ya buga wata magana cikin harufan Latin da ya hargitsa da gangan, ba a warware ta ba sai a 1705, bayan rasuwarsa. Ma'anarta ita ce, in aka riƙe sarƙa ta baki biyu aka bar ta ta rataya, siffar da ta ɗauka, in aka kifa ta, ita ce siffar bakan da zai tsaya da kansa. Dalili kuwa a fili ya ke. Sarƙa ba ta san komai ba sai ja, baka na dutse bai san komai ba sai danni, ɗaya kuwa kishiyar ɗaya ne.

HUKUNCIN MALAMAI UKU

Waɗanda Paparoma ya fara kira su uku ne: Thomas Le Seur da François Jacquier, Faransawa, da Roger Boscovich, mutumin Dubrovnik. Suka duba tsage-tsagen, suka kimanta nauyin sassan ginin, sa'an nan suka ƙaddara cewa ƙubbar ta rabu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana neman juyawa waje, ɗan soron da ke bisa ƙololuwa yana neman nutsewa. Suka auna ƙarfin da ke turawa waje da wanda ke tokarewa, sai lissafinsu ya nuna giɓi babba. Shawararsu ita ce a ƙara ɗamarun ƙarfe ba tare da jinkiri ba.

Rahoton nan ya tayar da ƙura. Masu suka suka ce Mikelanjelo bai yi irin wannan lissafi ba amma ya tsara ƙubbar, saboda haka ba a bukatar malaman lissafi wajen gyaranta. Waɗansu kuma suka kawo hujjar da ta fi wannan nauyi. Suka ce in da giɓin ya kai yadda aka faɗa, da ginin bai kwana ko ɗaya a tsaye ba, ga shi kuwa ya shekara ɗari da hamsin. Lalle wannan suka tana da kama. Malaman uku ba su yi kuskure a kan dokar daidaito ba, amma ba su ba riƙon da duwatsu ke yi wa juna, da ƙarfin abin da ya haɗa su, cikakken rabonsu cikin lissafi ba. Duk da haka tarihi ya riƙe musu daraja, domin rahotonsu yana cikin na farko da aka taɓa auna babban gini da ma'aunin lissafi.

SARƘAR POLENI

Da gardama ta yi tsawo, sai aka aika wa Giovanni Poleni, shehun malami a Jami'ar Padua. Ya zo Rum a 1743 ya duba ginin da idonsa. Abin da ya fara lura da shi shi ne cewa tsage-tsagen sun riga sun raba ƙubbar tsaye-tsaye, kamar yadda a ke yanka kankana daga sama zuwa ƙasa. Bai ɓata lokaci yana neman ya mai da ita ɗaya a takarda ba, sai ya karɓi halin da ta ke ciki. Ya ƙaddara an raba ta kashi 50, kowane kashi da wanda ke fuskantarsa sun haɗu sun zama baka guda. Ya ce in bakan nan ɗaya zai iya tsayawa shi kaɗai, to ƙubbar duka za ta tsaya, da tsaga ko ba tsaga.

Sa'an nan ya ɗauko dabarar Hooke. Ya rataya sarƙa, ya ɗaura mata ƙwallaye 32 masu nauyi daban-daban, kowanne gwargwadon nauyin sashen bakan da ya ke wakilta, har da nauyin ɗan soron nan na ƙololuwa. Ya zana siffar da sarƙar ta ɗauka, ya kifa zanen, ya ɗora shi bisa zanen ƙubbar. Sai ga layin sarƙar ya bi ta cikin kaurin ginin tun daga sama har ƙasa, bai fita waje ba ko a wuri ɗaya. Watau nauyin yana da hanyar da zai bi ya sauka ta danni kaɗai. Poleni ya yanke hukunci cewa ƙubbar ba ta kan hanyar faɗuwa.

Amma bai ce a naɗe hannu ba. Ya san bakan yana nan yana tura gindin ginin waje, tsagar kuwa in an ƙyale ta sai ta ƙaru. Ya gwada sandunan ƙarfe ya ga iyakar jan da su ke ɗauka kafin su tsinke, ya kuma yarda a ƙara ɗamara. Luigi Vanvitelli ya ɗaura guda biyar a 1743 da 1744, daga baya aka ƙara ta shida sa'ad da aka tarar ɗaya daga cikin tsofaffin ta karye. Poleni ya buga cikakken bayanin aikinsa a 1748. Sai a 1966 ne Jacques Heyman na Jami'ar Kembirij ya kafa wa hanyar nan cikakkiyar hujja: muddin duwatsu ba su murƙushe ba, ba su kuma zame wa juna ba, in aka sami layi ko da ɗaya da nauyi zai bi cikin kaurin gini, to ginin zai tsaya. Ƙubbar Majami'ar Bitrus tana nan tsaye har yau.

ƊAYA FUSKAR AL'AMARIN

A Rum lissafi ya ce gini zai faɗi, ginin ya tsaya. A ƙasar Kanada an ga akasin haka, kuma da rayukan mutane aka biya. An shirya gina gadar ƙarfe bisa kogin Saint Lawrence kusa da birnin Kwibek. A 1900 babban injiniya mai ba da shawara, Theodore Cooper, ya ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa ƙafa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyin gadar kanta yadda ya kamata ba. Sa'ad da aka gane cewa ƙarfen ya fi yadda aka zata nauyi, aiki ya riga ya yi nisa, sai aka ce a ci gaba. A watan Agusta na 1907 aka ga waɗansu manyan ƙarafan ƙasa sun fara lanƙwasa. Ran 29 ga watan Cooper ya buga waya daga birnin New York cewa kada a ƙara ɗora kaya, amma saƙon bai tsai da aiki ba. Da yammacin ran nan gadar ta rufta cikin kogi, ma'aikata 75 suka hallaka. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ɗora laifin a kan kuskuren hukuncin injiniyoyin da suka tsara aikin. Sharuɗɗan nan biyu na daidaito duk an san su sarai a 1907. Adadin da aka ba su ne bai cika ba.

Shi ya sa har yanzu abin da a ke fara koya wa ɗalibin wannan fanni shi ne ya ware abin da zai auna, ya zana shi shi kaɗai a takarda, ya sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke taɓa shi, har da nauyin abin kansa, tun kafin ya rubuta adadi ko ɗaya. Kwamfuta ta sauƙaƙa tarawa da ninkawa, amma ba ta sanin nauyin da ba a gaya mata ba. Ma'aikacin da takardar gini ko ta gada za ta bi ta teburinsa ba lalle ne ya iya lissafin da kansa ba, amma yana da ikon tambaya uku: wane nauyi aka ƙidaya, wa ya sake dubawa, kuma ko an sake lissafi bayan an sauya tsari. Tambaya ta ukun nan ce ba a matsa a kanta ba a Kwibek. Benedict na Goma Sha Huɗu kuwa bai sa hannu a kan ra'ayi ɗaya ba sai da ya nemi na biyu, ya kuma sa an je an ga tsagar da ido.